Igiyar da Alhaji Wada Ya Kwance a Gadar Garwa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai, tsira da aminci su tabbata ga Fiyayyen halitta da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka, wannan ɗaya ce daga cikin karamomin Shehinmu, al-Allama, al-Arifu billahi, kogin fiƙihu da tafsiri, mai yawan azumi da ƙarancin magana, wanda Fulanin Garwa ke kira Modibbo, mu kuwa Hausawa muke cewa Malam kawai, domin ba mu da wani da za a rikita shi da shi. Allah Ya haskaka makwancinsa, Ya ƙara masa kusanci. Ya yi zamaninsa a kan buzu ɗaya, a zaure ɗaya, yana ba da karatu daga hantsi har rana ta yi sanyi, ba a taɓa jin ya ɗaga murya ba, ba a kuma taɓa ganin ya tambayi baƙo abin da ke tafe da shi ba.

Na san akwai masu zaman shayi a bakin titi waɗanda da an ambaci karama sai su taɓe baki, wai tatsuniyar tsofaffi ce. To, wannan dai ba a ƙuryar ɗaki aka yi ta ba. A tsakiyar Garwa aka yi ta, rana na dukan kai, a gaban mahauta da dillalan shanu, mutanen da ko uwarsu ce ta ce sa ya yi ƙiba sai sun latsa shi da hannu kafin su yarda. Mai musu ya ɗaga ƙafa ya je tike, kasuwar shanu, ya tambaya, yawancin waɗanda suka gani suna nan da ransu.

Alhaji Wada babban dillalin shanu ne a Ngawundere, jikan fataken da suka zo daga ƙasar Hausa tun da daɗewa suka zauna. Mutum ne mai babbar riga da saurin fushi, wanda yake son in ya shiga taro a matsa masa, kuma a tiken Garwa ma babu wanda bai san shi ba. Mahaifinsa, Baba Hamadu, shi ne ya fara sana'ar tun ana kora shanu a ƙafa daga Banyo, ana kwana a daji, ana ƙetare koguna da ruwa iya ƙirji. A wancan zamani, in za a shiga ruwa, yakan ɗaura igiya a ƙugunsa, ya ɗaura ɗaya bakin a hannun Wada yana ɗan ƙaramin yaro, don kada ruwa ya tafi da shi. Igiyar tana nan, ta zaren auduga ce, ta yi baƙi saboda daɗewa, tsohon ba ya rabuwa da ita ko a shimfiɗarsa.

Sai tsufa ya taɓa hankalin Baba Hamadu. Ya manta sunan kowa, ya manta hanyar gida, in aka bar ƙofa a buɗe sai ya fice ya yi ta tafiya. Ɗansa na cikinsa kuwa ya koma kiransa "bawan Allah", kamar baƙon da ya shigo neman ruwan sha. Wannan kalma tana ci wa Wada rai ƙwarai, amma da yake bai iya kuka ba, sai baƙin cikin ya riƙa fito masa ta hanyar faɗa, ya yi da mata, ya yi da yara, ya yi da mai gadi. Ƙanwarsa Nafisatu, wadda ke aure a Garwa gidan Malam Ridwan, ɗaya daga cikinmu almajiran Shehi, ita ta matsa a kawo mata tsohon, likita ya duba shi, Malam kuma ya sa masa albarka.

Ranar tafiya, cikin bazara, Rahma matar Wada ta ɗauko igiyar nan ta ɗaura a hannun surukinta, ta ɗaura ɗaya bakin a hannun mijinta, ta roƙe shi don girman Allah kada ya kwance sai sun shiga zauren Nafisatu, domin Garwa ba unguwarsu ba ce da kowa ya san Baba zai dawo da shi. Wada ya yi tsaki, ya ce shi ba yaro ba ne, amma ya bari. Suka hau kar, babbar motar fasinja, suka kama hanyar arewa.

Tun kafin su gangara daga tudun Adamawa ran Wada ya fara ɓaci. Motar cike take maƙil, ga kaji a ƙarƙashin kujera, ga ramukan hanya, sanyin Ngawundere ya ƙare, zafi ya riƙa shigowa ta taga kamar hucin murhu. Duk wannan bai dame shi ba kamar idanun mutane. Wata mai kayan gwari ta dubi igiyar, ta dubi rigarsa, ta rufe baki da mayafi tana dariya ƙasa-ƙasa. Wani fasinja ya tambaye shi da Fulatanci, da zuciya ɗaya, ko tsohon taɓin hankali gare shi, Wada ya watsa masa harara har mutumin ya juya kai. Baba Hamadu kuwa yana zaune lafiya lau, yana murza igiyar da yatsunsa, yana kallon shanun da ke kiwo a gefen hanya.

Da suka hau gadar Binuwai, Garwa ta bayyana a gabansu da hasumiyoyinta da hayaƙin motocinta, sai Shaiɗan ya zo wa Wada ta ƙofar da ya fi sani. Ya tuna cewa ranar kasuwar shanu ce, garin cike yake da abokan cinikinsa, kuma ba a rasa wani daga cikinsu a tasha. Wai shi Alhaji Wada a gan shi ya sauko daga mota ɗaure da ubansa kamar mai kai rago kasuwa? Ya ce a ransa ai hannu ma ya isa. Ya sunkuya ya kwance ƙullin da Rahma ta yi, nasa da na tsohon, ya dunƙule igiyar ya cusa a aljihun ciki, babu wanda ya gani. Tsohon ya yi ta laluben wuyan hannunsa yana neman abin da aka ɗauke masa.

Wanda bai taɓa sauka a tashar babban gari da azahar ba, ba zai gane yadda hankali ke rabuwa da mutum ba. 'Yan moto, wato masu haya da babur, sun yi caa a bakin ƙofa, kowa na jan rigarka yana tambayar unguwar da za ka, masu ruwan sanyi na ihu, masu jiran 'yan'uwa na turereniya, mai kiran sunaye a lasifika na ta Faransancinsa babu mai saurare. A kan motar akwai mai sauke kaya, wani magidanci mai furfura a gemu, Abdelkerim, mutumin wajen Kusiri. Cikin kayan Wada akwai jarkar zumar Adamawa da ya yi niyyar kai wa Malam da hannunsa, don a ga irin tsarabarsa. Jarkar ta yi gumi da zafin rana, ta suɓuce daga hannun Abdelkerim, ta faɗo ta fashe, zuma ta malale a cikin ƙasa.

Nan Wada ya saki hannun ubansa. Ya yi kan mutumin nan da zagi, Hausa da Fulatanci da ɗan Faransancin da ya iya duk ya haɗa, bai bar uwa ba bai bar uba ba. Abdelkerim ya sauko yana ba da haƙuri, Wada bai ji ba, mutane suka taru, wasu na ba shi baki wasu na zuga shi. Sai da ya gaji don kansa ya waiwaya ya ce Baba mu tafi. Babu Baba. Ya duba cikin mota, ya duba bayan mota, ya duba wajen masu alwala, ko ƙyallin rigarsa babu.

Mai hankali a nan zai kama kansa da laifi. Wada kuwa idonsa ya rufe, ya dawo ya cakumi wuyan Abdelkerim, ya ce shi ya ɗauke masa hankali, wataƙila ma haɗin baki ne da masu satar mutane, ya ɗaga hannu ya kwaɗa wa dattijon nan mari a gaban 'ya'yan cikinsa da ke aiki a tashar. Abdelkerim ya dafe kunci, ya dube shi da jajayen idanu, ya ce Allah Ya isa, ya koma gindin bango ya zauna.

Wada ya hau moto ya shiga gari kamar mahaukaci. Ya je asibiti, ya je masallatai, ya leƙa wajen 'yan sanda ya bar kwatance, ya gangara bakin kogi inda mata ke wanki yana tambaya ko sun ga tsoho mai farar riga, yana leƙen ruwan ko ya faɗa ciki. Zafin Garwa na bazara ba abin wasa ba ne, mai ƙarfi ma yana faɗuwa, balle tsohon da rabonsa da ruwa tun a hanya, wanda kuma bai san sunansa ba balle ya faɗa wa wani. Wuri ɗaya ne zuciyarsa ta raya masa ya ƙi zuwa, wato tike. Ya ce ai da nisa, tsoho ba zai kai ba. Ƙarya yake yi wa kansa, abin da ya hana shi shi ne kada dillalai su ji cewa Alhaji Wada ya ɓatar da ubansa a tasha.

Da ya isa gidan Nafisatu shi kaɗai, ta fasa kuka, ya ce mata turereniya ce ta raba su, laifin wani ɗan dako ne mara mutunci. Malam Ridwan bai tsaya jin ƙarshen bayanin ba, ya ja shi zuwa zauren Shehi, Nafisatu na biye da su ta tsaya daga waje.

Ina zaune a wurin ranar. Wallahi har yau in na tuna yadda mutumin nan ya shigo sai raina ya sosu. Ko takalmi da ƙyar ya cire, sallamar ma rabi ya yi, ya katse karatu ana tsakiyar babi, ya hau zuba, yana dukan tabarma, wai garin nan babu amana, wai sai ya ɗaure ɗan dakon nan, wai a yi masa addu'a yanzu-yanzu. Da yawa daga cikinmu mun yunƙura mu fitar da shi, Malam ya dube mu, muka zauna. Abin da muka lura da shi tun bayan sallar azahar, ba mu gane ba, shi ne hannun Malam na hagu a dunƙule yake a kan gwiwarsa, jijiyoyin sun tashi, da dama kaɗai yake juya takarda, gumi na tsattsafo masa a goshi.

Sai da Wada ya yi shiru don numfashi ya ƙare masa, sannan Malam, Allah Ya yarda da shi, ya ce a hankali:

"Ina igiyar?"

Babu wanda ya san zancen igiya a Garwa, ko Nafisatu ba ta san an ɗauro su da ita ba. Wada ya fara in-ina, Malam ya nuna aljihunsa na ciki da ido, dole ya zura hannu ya fito da ita.

Malam ya ce: "Koma tasha. Ka ba mutumin da ka mara, ya ɗaura maka a hannu. Duk inda ya ja ka, ka bi."

Kai, ran Wada ya yi mummunan ɓaci. Ya ce Allah Ya gafarta Malam, shi addu'a ya zo nema ba wulaƙanci ba, ɗan dako me ya sani, yaya za a yi mutum kamarsa a ja shi a titi? Malam bai ƙara dubansa ba, ya mayar da ido kan littafi, ya ce: "Rana tana yi, mahaifinka kuma bai sha ruwa ba." Ya ci gaba da karatu daga inda aka tsaya.

Wada ya fito yana huci, yana rantsuwa ba zai yi ba. A bakin ƙofa Nafisatu ta tare shi, ta dubi igiyar da ke hannunsa, ta gane ta, domin ita ma ta san ta tun tana ƙarama. Ba ta yi ihu ba. Ta ce: "Yaya, da hannunka ka kwance shi?" Ya bi ta gefenta ya nufi tasha.

Ya sami Abdelkerim inda ya bar shi, kunci ya kumbura. Wada ya miƙa masa igiyar, ya faɗi saƙon Malam yana kallon gefe, ko haƙuri bai ba shi ba. Abdelkerim ya san Malam, kowa a Garwa ya san shi, don haka bai yi musu ba. Amma shi ma ɗan Adam ne, zuciyarsa na tafasa, kuma bai san inda tsohon yake ba, ko kamanninsa bai riƙe ba. Abin da ya zo masa shi ne Allah Ya kawo masa ranar ramuwa. Ya ɗaure hannun Wada tamau, irin ɗaurin da ake yi wa ragon layya, ya tambayi direba wane ne wannan Alhajin, aka ce dillalin shanu ne daga Ngawundere. Ya ce madalla, ya san inda za su.

Bai bi ta lungu ba. Ta tsakiyar kasuwa ya ratsa da shi, ta gaban masu atamfa, ta gaban rumfunan mahauta, yana tafe yana cewa a ba da hanya. Mutane suka fito suna kallo, 'yan moto na busa ƙaho, masu waya sun ɗaga suna ɗauka, wani mahauci ya tambaya da ƙarfi ko na sayarwa ne. Babbar rigar Wada ta jiƙe sharkaf, hularsa ta karkace, haƙoransa na cizon juna don takaici, ya ƙudurta a ransa in aka gama wannan sai ya ga bayan mutumin nan. Da ya fara jin warin kashin shanu ya gane inda aka nufa, ya turje, ya ce ko'ina amma ban da nan. Abdelkerim ya waiwayo ya ce: "Alhaji, ni aka ce in bi ka, ko kai aka ce ka bi ni?" Ya fizgi igiyar.

Suka tarar da tike a hargitse. Wani garken gudale, manyan bijimai da aka saya za a loda a babbar mota, sun ƙi motsi tun bayan azahar. Sun yi da'ira, kawuna waje, jiki manne da jiki, an yi duka, an yi ihu, an murɗa wutsiya, ko taku ɗaya ba su yi ba, wanda ya matsa kusa sai su nuna masa ƙaho. Mai shanun ya fusata har ya sa direba ya tayar da mota, ya riƙa yin baya da ita a hankali don ya tarwatsa su da ƙarfi. Daidai nan Abdelkerim ya jawo Wada tsakiyar dillalai, don kowa ya gan shi da kyau. Aka kuwa gan shi. Dariya ta tashi, ana kiran sunansa, wasu na tafa hannu, har direban ya taka birki ya leƙo don kada a ba shi labari.

Sai babban bijimin da ke gaba ya sunkuyar da kai, ya matsa gefe. Na kusa da shi ya bi, na gaba ma haka, da'irar ta buɗe. Ga Baba Hamadu zaune a tsakiya, cikin inuwar jikinsu, ƙafafunsa a miƙe, yana yi musu irin kiran da makiyaya ke yi wa shanu a bakin ruwa. Babu ƙwarzane a jikinsa, ƙasar da yake kai da sanyinta, leɓensa ɗanye kamar wanda ya ajiye moɗa yanzu. Tsakaninsa da tayar motar bai fi tsawon sanda ba. Dariyar ta mutu a bakin kowa, mai shanun ya zauna a ƙasa yana salati.

Tsohon ya ɗaga kai. Bai dubi fuskar kowa ba, igiyar ya gani, ya bi ta da ido har zuwa hannun da take ɗaure. Ya miƙe, ya tako, ya karɓe ta daga hannun Abdelkerim, ya ɗaura a ƙugunsa da irin ƙullin da ya saba, ya dubi ƙaton ɗan nasa mai gemu ya ce, cikin faɗan uba:

"Wada, ina ka shiga? Ban ce maka kada ka sake ni a bakin ruwa ba?"

Rabon da ya kira wannan suna an daɗe ƙwarai. Alhaji Wada, wanda bai iya kuka ba, ya durƙushe cikin kashin shanu ya yi ta rusa shi a gaban duk waɗanda yake jin kunya. Da ya samu kansa ya juya wajen Abdelkerim, ya miƙa masa kunci, ya ce ya rama don Allah, a nan inda kowa ke gani. Abdelkerim ya goge idonsa da bakin riga ya ce shi ba ya marin mutum a gaban ubansa, ya yafe.

A zaure kuwa, ladan ya kira la'asar, Malam da bai taɓa jinkirta salla ba ya ci gaba da zama, muna kallon juna. Can sai ya sauke numfashi, ya ce alhamdu lillahi, ya buɗe hannun hagun. Da idona na ga tafin, an yi masa jan shati daga gefe zuwa gefe, irin na wanda ya daɗe yana riƙe da igiyar sa mai ƙarfi. Da muka tambaya daga baya, lokacin ya yi daidai da buɗewar garken.

Bayan salla suka iso, tsohon a gaba yana jan ɗansa, sun biyo ta tsakiyar kasuwar nan dai, Wada bai nemi a bi ta lungu ba. Ya faɗi a gaban Malam zai yi godiya, Malam ya tare shi ya ce: "Ba ni na riƙe shi ba, Wanda ba Ya sakin bawansa ne Ya riƙe shi. Kada ka kwance, bari shi ya kwance da kansa." Haka Wada ya zauna ɗaure a gefen ubansa a zauren Nafisatu, har tsohon ya ci abinci, ya yi gyangyaɗi, ya farka, ya warware ƙullin ya mayar da igiyarsa aljihu, ya dube shi ya ce sannu bawan Allah. Bai sake kiran sunansa ba har Allah Ya karɓi ransa da faɗuwar damina, Malam ne ya yi masa salla.

Wannan kaɗan ne daga abin da Allah Ya gudanar a hannun Shehinmu, waliyyin Allah, mai ɓoye baiwarsa kamar yadda wasu ke ɓoye aibinsu. Ya Allah, Ka ƙara masa yarda, Ka faɗaɗa kabarinsa, Ka ba mu albarkarsa da albarkar iyayenmu, rayayyu da waɗanda suka riga mu. Ka raba mu da girman kan da ke sa mutum ya saki hannun da ya rene shi, kuma kada Ka sake mu ranar da babu mai riƙo sai Kai. Amin, don alfarmar Shugaban Manzanni, sallallahu alaihi wa sallam.